Sharhi: Ribar Fata, Asarar Masunta

Duk mai bin harkokin ciniki ya san matsayin fata a tattalin arzikin Nijeriya. Tana cikin kayayyakin da ke samo wa ƙasa kuɗin musaya baya ga man fetur, kuma Kano ce cibiyar sarrafa ta. Sai dai akwai wani kaso na kuɗin aikin da ba ya fitowa a littafin lissafin masana'antu, domin kuwa kifi da masunta ne ke biyan sa.

Kakanninmu da bagaruwa suke jima, aikin kan ɗauki kwanaki masu yawa. Masana'antun zamani kuwa da gishirin kuromiyam suke yi, wanda kan gama cikin yini guda, shi ya sa kimanin kashi 80 cikin 100 na fatar duniya da shi ake jeme ta. Matsalar ita ce fata ba ta shanye shi duka. Kusan kashi ɗaya bisa uku kan bi ruwan wanki ya fita. A Kano, dagwalon Bompai kan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zube a madatsar ruwa ta Wasai. Na Sharaɗa da Challawa kuwa kogin Challawa yake nufa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja.

Kuromiyam iri biyu ne. Wanda ake jima da shi gubarsa da sauƙi, yakan kwanta cikin laka, amma idan ya gamu da wasu ma'adinai na ƙasa, wani sashe nasa kan rikiɗe ya koma iri na biyu, mai saurin narkewa a ruwa da ratsa jikin halitta. Masana kan auna ƙarfin guba ta hanyar neman adadin da zai kashe rabin kifayen gwaji cikin sa'o'i 96. To, amma tun kafin a kai wannan adadi ɓarna ta riga ta soma. Sinadarin kan lalata sassan da kifi ke shaƙar iska da su, ya rage masa girma, ya hana ƙwai ƙyanƙyashewa yadda ya kamata. Ƙananan halittun ruwa da 'ya'yan kifi ke ci sun fi kifin kansa rauni, su ne ke fara ƙarewa. Ga kuma maganin cire gashin fata da tarkacen nama, waɗanda ke cinye iskar da ke cikin ruwa, musamman da rani sa'ad da kogi ya ja baya.

Saboda haka ba lallai ne masunci ya ga matattun kifaye suna yawo a saman ruwa ba. Abin da zai gani shi ne komarsa tana dawowa da ƙarancin karfasa da tarwaɗa shekara bayan shekara, alhali ba shi da wanda zai kama da laifi. Wannan shi ne abin da masana tattalin arziki ke nufi da ɗora wa wani nauyin da bai ci ribarsa ba.

Doka dai akwai ta. Bayan jibge shara mai guba a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar FEPA. A 2007 aka kafa NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da masana'antun fata. Amma muddin zubar da dagwalo ya fi tace shi araha, zubarwar za a ci gaba da yi.

Masu masana'antu kan ce tsadar wutar lantarki ta riga ta durƙusar da su, ƙarin ɗawainiya zai jawo rufe kamfanoni da korar ma'aikata. Kukan nasu yana da tushe. Amma a tuna, gishirin kuromiyam daga ƙasashen waje ake sayo shi da kuɗin musaya, don haka wanda ya zubar da sulusinsa, sulusin kuɗinsa ya zubar. Dabarar ƙwato shi sananniya ce: a ware ruwan jima daban, a sa masa sinadarin da zai kwantar da kuromiyam ɗin, a narkar, a sake amfani da shi.

Ya kamata gwamnati ta ɗauke harajin shigo da injunan wannan aiki, sa'an nan ta riƙa cajin kowace masana'anta gwargwadon gubar da ta saki, bisa awo na kai a kai da za a bayyana wa jama'a. Ƙananan majemu kuma a haɗa su a matata guda, a tanadi kuɗin tafiyar da ita tun daga farko. Bangaladash ta kwashe majemun Hazaribagh zuwa Savar a 2017, amma da yake matatar ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai gurɓatar ta koma wani kogin. Kada mu maimaita wannan kuskure, domin ruwan da ya bar Challawa har masuntan Haɗeja da Nguru yake isa.