Kufiyyar Falasɗinawa Ba Hiramin Alhazai Ba Ce

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin fassara ya san cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da kayanta take tafe. Wannan ne ya sa nake ganin muna tafka kuskure a duk lokacin da muka kira ƙyallen nan mai zanen baƙi da fari na Falasɗinawa da sunan hirami.

A wurin Bahaushe, hirami kayan malamai ne da alhazai. Idan mutum ya fito daga masallaci a Lokuwa ranar Juma'a da shi a kafaɗa, abin da ake karantawa a jikinsa shi ne ilimi ko zuwa Makka. Ita kuwa kufiyya, asalinta kayan manoman Falasɗinu ne da makiyaya, suna kare kansu da ita daga rana da ƙura, kamar yadda samarinmu na Mubi kan rufe hanci idan hazon hunturu ya sauka. Masu kuɗi da ma'aikatan birni jar dara suke sawa, suna ma yi wa masu kufiyya kallon ƙauyawa.

Siyasa ce ta juya lamarin. A boren da Larabawan Falasɗinu suka yi wa mulkin Ingila daga 1936 zuwa 1939, yawancin mayaƙan manoma ne, don haka da sun shigo gari ake gane su. A 1938 jagororin boren suka umarci mutanen birni su ajiye jar dara su ɗaura kufiyya, domin mayaƙi ya saje da jama'a. Wato attajiri ya sa tufar talaka don ya ɓoye shi. Daga baya Yasir Arafat ya ɗauke ta, da ita ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1974. Da Isra'ila ta haramta ɗaga tutar Falasɗinu a yankunan da ta mamaye a 1967, haramcin da ya kai har yarjejeniyar Oslo ta 1993, sai ƙyallen ya tsaya a madadin tuta. Bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mu da a harshenmu "naɗi" ke nufin ba da sarauta, "warware rawani" kuma ke nufin tuɓewa.

To, ina illar kiran ta hirami? Sunan yana jan ta zuwa masallaci, alhali alamar ƙasa ce. Akwai Kiristoci a cikin Falasɗinawa, su ma tasu ce; George Habash, wanda ya kafa ƙungiyar PFLP a 1967, Kirista ne. Wasu a Arewa ma sun ƙara ƙuntata ta, suna jingina ta ga masu muzaharar Ƙudus kaɗai, kamar dai tambarin wata ƙungiya. A gari irin Mubi, inda Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya a aji, irin wannan fassara tana mayar da batun ƙasa da ƙwace gonaki ya koma gardamar addini.

Kuma ba ado ba ne kawai. A Nuwamban 2023 aka harbi ɗalibai uku 'yan asalin Falasɗinu a jihar Vermont ta Amurka, biyu daga cikinsu na sanye da ita.

Shawarata ga 'yan'uwa masu fassara labarai ita ce mu ari kalmar kufiyya yadda take, tun da Hausa ta daɗe tana aro daga Larabci, daga alƙalami har zuwa alkyabba. Hirami kuma mu bar wa alhazai abinsu.