Dutse Ma Yana Tsufa

Duk wanda ya saba shiga manyan bankuna, ko otal-otal, ko kantunan zamani a Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal, ya san yadda masu gini suke ƙawata daɓe da bango da dutse mai sheƙi. Ranar da aka buɗe gini, mutum yana iya ganin fuskarsa a daɓen kamar a madubi. Amma in ya koma bayan shekara biyar ko shida, sau da yawa sai ya tarar daɓen ya dushe, bakin ƙofa ya yi kaushi, ga tabon mai nan, ga jan tsatsa can, wani wurin ma allon bango ya tsage an liƙe shi da siminti. Mai gini ya ɗora laifi a kan ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ce masu shara ne, su kuwa masu shara su ce abin da aka ba su da shi suka yi aiki.

Tushen matsalar shi ne zaton da jama'a suke yi cewa tun da dutse ne, ai an gama kashe masa kuɗi ranar da aka shimfiɗa shi. Gaskiya ne dutsen da ke zaune a daji yakan shekara dubbai bai motsa ba. Amma wanda aka yanka falle-falle, kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba, aka rataya shi a bango ko aka shimfiɗa don dubban ƙafafu su taka kowace rana, wannan ya zama kayan gini kamar kwano da katako. Yana bukatar dubawa, da wanki irin nasa, da gyara a kan lokaci. Wanda ya manta da haka zai biya kuɗin dutsen sau biyu, wani lokaci ma har da ran mai wucewa a ƙasa.

Babban misalin wannan asara ya auku ne a birnin Shikago na ƙasar Amurka. A shekarar 1973 kamfanin mai na Standard Oil ya kammala wani dogon bene mai hawa 83, tsawonsa mita 346, wanda yanzu ake kira Aon Center. Mai zanen ginin, Edward Durell Stone, ya lulluɓe shi daga sama har ƙasa da allunan farin dutsen nan da 'yan kasuwa suke kira mabul, guda 43,000, waɗanda aka yanko daga Carrara a ƙasar Italiya. Dutsen Carrara kuwa ya yi suna tun zamanin Rumawa, da shi ne mashahurin masassaƙin nan Michelangelo ya yi aiki. Sai dai don a rage nauyi da kuɗi, an yanka allunan da kaurin da bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba.

Tun ginin yana sabo, wani allo mai nauyin kusan kilo 160 ya ɓalle ya faɗo, ya huda rufin wani gini da ke maƙwabtaka. A shekarar 1985 injiniyoyi suka bi bangon suka duba, suka tarar alluna da yawa sun tsage, wasu sun lanƙwashe sun yi ciki. Aka ɗaɗɗaure su da ƙarfen da ba ya tsatsa don kada su zubo wa jama'a. Daga ƙarshe dai, daga 1990 zuwa 1992, aka ciccire allunan nan baki ɗaya, aka maye gurbinsu da farin giranit mai kaurin santimita 5 daga Mount Airy a jihar North Carolina. Aikin ya ci fiye da dala miliyan 80, watau sama da rabin abin da aka kashe wajen gina benen tun farko. Mafi yawan mabul ɗin da aka sauke kuwa, niƙe shi aka yi aka zuba a matsayin tsakuwar ado a wata matatar mai ta kamfanin.

Ba Shikago kaɗai abin ya shafa ba. A birnin Toronto na Kanada, wani allon mabul ya faɗo daga hawa na 60 na benen First Canadian Place a shekarar 2007, abin da ya sa aka cire dutsen aka sa gilashi a madadinsa. A Helsinki, babban birnin Finlan, zauren taro na Finlandia da Alvar Aalto ya zana, wanda aka buɗe a 1971, an sake masa alluna a ƙarshen shekarun 1990 da irin dutsen Carrara ɗin dai, ba a daɗe ba sababbin ma suka fara lanƙwashewa. Sai a gyaran da aka yi daga 2022 zuwa 2024 aka koma ga wani mabul dabam.

Mai karatu zai so ya san abin da ke lanƙwasa dutse. Mabul dai ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, na sinadari iri ɗaya da farar ƙasa. Idan rana ta buge su, kowace ƙwaya takan miƙe ta wani ɓangare ta kuma tsuke ta wani ɓangaren. Idan dare ya yi suka huce, ba sa komawa daidai mazauninsu na da, sai 'yan ƙananan ɓaraka su rage a tsakaninsu. Fuskar da ke kallon rana ta fi ta ciki samun wannan wahala, saboda haka sai ta riƙa faɗi a hankali, allon ya riƙa yin ciki, ƙarfinsa yana raguwa. Laima kuwa tana ƙara wa abin sauri. A ƙasar da zafin bazara yakan wuce digiri 40, kamar yadda ake gani a Sakkwato da Maiduguri, sanyin hunturu ya biyo baya da dare, damina kuma ta jiƙa bango, wanda zai rataya siririn mabul a waje ya kamata ya yi tunani sau biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

To, wannan na bangon waje ke nan. Ɓarnar da ta fi yawa a gine-ginen kasuwanci na ƙasar nan a daɓe take, kuma mafarinta shi ne rashin bambance dutse da dutse. Iri biyu ne aka fi amfani da su. Akwai mabul da 'yan'uwansa, irin wanda ake haƙowa a Jakura kusa da Lokoja, da Igbeti a jihar Oyo. Akwai kuma giranit, watau irin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar titi a wurare kamar Mpape a Abuja, wanda in an yanka shi aka goge yakan fito da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Daɓen tarazo kuwa, tun da yake yawanci gutsattsarin mabul ne cikin siminti, hukuncinsa hukuncin mabul ne.

A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni mabul yana wajen 3, giranit tsakanin 6 da 7, ƙwayar yashi tana 7, daimon kuwa 10. Ma'anar wannan ita ce yashin da ke manne a takalmin mai shiga banki ya fi daɓen mabul tauri nesa ba kusa ba. Kowane taku tamkar an goga wa daɓen takardar yashi ne. Shi ya sa sheƙi yake fara gushewa daga bakin ƙofa da gaban kanta, inda ƙafa ta fi yawa. Maganinsa kuwa ba shi da tsada: doguwar dardumar goge ƙafa a waje da ciki, da share ƙura da busasshen tsumma mai laushi sau da yawa a yini, musamman lokacin hunturu.

Abokin gaba na biyu shi ne tsami. Duk abin da ke da asid yana cin mabul nan take: lemon tsami, da tsamiya, da zoɓo, da lemon kwalba, balle ruwan wanke masai mai ƙarfi, wanda sau da yawa asid ne zalla. Inda ya taɓa sai wurin ya yi fari ya dushe. Mai shara ya ɗauka datti ne, ya ƙara zuba wa ya ƙara gogewa, alhali kuwa fatar dutsen ce ta narke, babu sabulun da zai dawo da ita. Giranit yana jure wa irin wannan tsami, shi ya sa abin da ya yi wa wani daɓe daidai yakan halaka wani. Mai son ya gane irin dutsen da ke gininsa sai ya nemi ragowar gutsure, ko wani lungu da ido ba ya kai wa, ya ɗiga ruwan lemon tsami. In wurin ya dushe bayan 'yan mintoci, ko kuma bakin wuƙa ya karce shi cikin sauƙi, to dangin mabul ne. Irin wannan ba a wanke shi sai da ruwa mai tsabta da sabulun da ba shi da tsami ba shi da kaifin kanwa, a kuma tsane shi ya bushe.

Na uku shi ne ruwa da abin da yake ɗaukowa. Dutse yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Manja da man gyaɗa da jan goro sukan shige ciki su zauna. Ruwan da ke tasowa daga ƙarƙashin daɓe, ko daga famfon da ke yoyo cikin bango, yakan kawo gishiri ya bar shi a fuskar dutsen kamar farin gari, in ya taru a ciki kuma ya riƙa ɓantare shi. Wani farin mabul ɗin yana da ɗan ƙarfe a jikinsa, in ya daɗe cikin laima sai ya koma rawaya. A biranen bakin teku kamar Ikko, iska mai gishiri tana cin ƙarfen da ke riƙe da allunan bango in ba mai jure wa tsatsa ba ne, tsatsar ta kumbura ta tsaga dutsen daga baya. Jan layin da ke gangarowa daga tsakanin alluna gargaɗi ne, ba abin da za a rufe da fenti ba.

Idan ɓarna ta riga ta auku, akwai gyara, kuma galibi ya fi sauya daɓe araha. Tabon mai ana jawo shi ne da kwaɓin gari mai tsotso, a haɗa da maganin da ya dace da tabon, a shafa da kauri, a rufe da leda na yini ɗaya ko biyu, a bari ya bushe, sai ya fito da man. Irin wannan dabara ce masu kula da Taj Mahal a Indiya suka sha yi, inda suke shafa wa farin mabul ɗinsa wani yumɓu don ya tsotse dauɗar hayaƙi. Daɓen da ya dushe ko ya karce kuwa sai an kankare shi da inji mai faifan daimon, ana zuba ruwa. Ana farawa da faifai mai kaushi don a share karce da tudun da ke tsakanin alluna, sannan a bi da masu laushi ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake ko ɗaya, daga ƙarshe a goge da garin sheƙi. Sai a shafa maganin da ke shiga ƙofofin dutsen ya rage masa shan ruwa da mai.

A nan akwai abubuwa uku da mai gini ya kamata ya riƙe. Na farko, maganin toshe ƙofofi jinkirta tabo kawai yake yi, ba ya hana asid cin mabul, kuma yana ƙarewa. In aka ɗiga ruwa wurin ya yi duhu cikin 'yan mintoci, lokacin sabuntawa ya yi. Na biyu, kowace kankara tana rage kaurin dutsen, saboda haka ba aikin da za a riƙa yi kowace shekara ba ne. Na uku, a yi hattara da mai gyaran da zai malala kakin sheƙi a kan daɓe ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kakin yana ƙyalli mako biyu, daga nan ya kama ƙura, ya yi rawaya, ya hana laima fita, ya kuma sa santsin da zai kayar da tsoho a gaban kanta. Araha ba ta ado. Kafin a ba kowa kwangila, a sa shi ya gwada aikinsa a ɗan ƙaramin wuri a gani.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Tun ranar da ake zaɓen dutse ya kamata a tambayi inda za a sa shi: giranit a bakin ƙofa da wurin cin abinci da bangon waje, mabul a inda ƙafa da tsami ba su da yawa. Ranar miƙa makulli, ɗan kwangila ya bar wa mai gini takarda mai sunan kowane dutse, da inda aka samo shi, da abin da za a wanke shi da shi, tare da 'yan allunan ajiya don ranar da wani zai fashe. Manaja ya ware kuɗin kula da dutse cikin kasafin kowace shekara kamar yadda yake ware na janareta. Masu shara, waɗanda su ne suke taɓa daɓen nan safe da yamma, a zaunar da su a koya musu, a daina miƙa musu kwalbar da ba ta da suna. Duk benen da aka rataya wa alluna a waje kuwa, injiniya ya riƙa hawa yana dubawa a kai a kai, hukumomin tsara birane su ma su nemi ganin rahotonsa, domin titin da ke ƙarƙashin benen na kowa da kowa ne.