Ra'ayi: Kuɗin baƙin mai da giris ba wurin tsimi ba ne

Lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ƙasar ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da take amfani da shi. Nauyi ya koma kan injinan cikin gida, irin na tashar Gorou Banda da aka buɗe a Yamai a 2017. Tun daga lokacin kowa ya gane cewa injin da ya tsaya ba matsalar makanikai kaɗai ba ce: tela, mai walda da mai sayar da ƙanƙara duk suna zaman jira.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau da yawa abin da ke kashe inji kafin lokacinsa ƙaramin abu ne: man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. A cikin boris, kaurin man da ke raba ƙarfe biyu bai kai na silin gashi ba. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce mai tauri, idan ta shiga mai sai ta riƙa goge ƙarfe a hankali, ba ƙara ba hayaƙi, har ranar da komai zai tsaya. Zafin bazara ma na da nasa rabon. Masana sun daɗe da lura cewa idan zafin mai ya wuce kima, duk ƙarin digiri 10 yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. Jadawalin canjin mai da aka rubuta a Turai ko Sin ba dole ne ya dace da Malbaza ko Damagaram ba.

Matatar SORAZ, mai tace ganga dubu 20 a rana tun 2011, da masana'antar siminti ta Malbaza da tashar kwal ta SONICHAR da ke aiki tun farkon shekarun 1980, dukiya ce da ba a sake sayenta cikin sauƙi. Haka ma ƙananan injinan niƙa da na matsar gyaɗa a Maraɗi. Dukansu na buƙatar tsari rubutacce: kowane inji da rajistarsa, irin man da yake sha, adadinsa, ranar da aka zuba da sunan wanda ya zuba. Gangunan mai su kasance a rufe cikin inuwa, domin gangar da aka bari a tsaye a fili tana tara ruwan sama a kanta, ta shaƙe shi idan ta huce. Giris ma idan ya yi yawa yana sa boris zafi, abin da ke ba masu ganin yawan mai shi ne kulawa mamaki.

Mafi muhimmanci shi ne gwajin mai. Ƴar kwalba ɗaya da aka kai ɗakin bincike tana nuna ko ƙura ta shiga, ko ruwa, ko ɓurɓushin ƙarfe ya fara yawa, makonni kafin inji ya lalace. Nan ne aikin matasa yake. Makarantar EMIG a Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suna yaye ɗalibai kowace shekara, ga kuma ƴan ƙasa da ke aikin kula da injina a ƙetare. Bai kamata shafa giris ya zama aikin da ake turawa yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a gareji ba.

Shugabannin kamfanoni kan fara zaftare kuɗin kula da injina idan aljihu ya yi zafi, saboda ba a ganin illar a wannan watan. Ya dace gwamnati, a kamfanonin da take da hannun jari, ta ware wannan kasafi ta hana taɓa shi, kuma ta nemi a bayyana wa jama'a kowace shekara yawan awoyin da injina suka tsaya da dalilin tsayawarsu.