Ogonna Nnamani: Darasi Ga Masu Ganin Wasa Kishiyar Karatu Ne

Da yawa daga cikinmu mun taso da fahimtar cewa ɗalibar da ta kama wasannin motsa jiki ta saki layin karatu ke nan. Tarihin Ogonna Nnamani, 'yar wasan ƙwallon raga da iyayenta 'yan Nijeriya suka haifa a Jihar Illinois ta Amurka a 1983, ya isa ya sa mu sake nazarin wannan fahimta.

Ogonna ta shiga Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya a 2001, kuma a shekararta ta farko ƙungiyar jami'ar ta ci kofin ƙasa na jami'o'in Amurka. A 2002 sun sake kaiwa wasan ƙarshe, amma Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta doke su. A 2004, tun tana ɗaliba, ta wakilci Amurka a gasar Olamfik ta birnin Athens, sannan ta dawo ta jagoranci Stanford suka lallasa Jami'ar Minnesota a wasan ƙarshe, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. A 2005 aka ba ta kofin Honda-Broderick, wanda ake bai wa ɗalibar da ta yi zarra a dukkan wasannin mata na jami'o'in ƙasar. Duk wannan ta yi shi ne tana fama da ciwon asma, tana kuma karatun ilimin halittar ɗan Adam, fannin da ba a yi masa shigar sauri. Bayan ta samu lambar azurfa a Olamfik ta Beijing a 2008, ta koma aji ta karanci likitanci.

Abin tambaya a nan shi ne, baiwa ce kawai ta kai ta nan? Ko kusa. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, kuma wannan doka ce ta tilasta wa jami'o'i ware wa mata guraben tallafin karatu, da masu horarwa, da filayen wasa. Haka kuma hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ƙayyade awoyin atisaye a mako, ta kuma shar'anta cewa ɗalibin da makinsa ya faɗi ƙasa ba zai buga wasa ba. Wato dai an ɗaure wasa da karatu da igiya ɗaya, ta yadda mai son fili dole ya riƙe littafi.

Wasu za su ce a ƙasar da jami'o'i ke kukan rashin ɗakunan gwaje-gwaje da wuraren kwana, maganar ƙwallo almubazzaranci ce. Wannan magana tana da nauyi, sai dai ƙwallon raga na cikin wasanni mafi araha: raga ɗaya, ƙwallo ɗaya, da 'yan wasa shida a kowane ɓangare. Wasu kuma damuwarsu sutura ce da cakuɗuwa da maza, kuma damuwa ce da ta cancanci amsa. Ana iya keɓe wa ɗalibai mata zaure da lokacinsu, da mata masu horar da su. Ai a Olamfik ta Rio a 2016, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga na bakin teku sanye da hijabinta.

Muna da gasar NUGA ta jami'o'in Nijeriya tun 1966, amma gasar 'yan kwanaki ba ta isa ta gina ɗan wasa ba. Saboda haka muna kira ga shugabannin jami'o'inmu, musamman na Arewa, da su ware tallafin karatu ga ɗalibai mata masu hazaƙar wasa, bisa sharaɗin riƙe maki mai kyau, su kuma tsara wasanni tsakanin jami'o'i maƙwabta duk zangon karatu. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka sai a faro daga makarantun sakandaren 'yan mata. Jinin da ya ba Amurka Ogonna yana nan a cikin azuzuwanmu. Tsari ne kawai ya rage. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji, su kuma aikata.