Littafin bashi ya koma cikin waya, amma wa ke riƙe da kwafinsa?

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, ciniki a Gwarzo da Kabo ya sake kama. Mai shago da mai sayar da taki da dillalin dabbobi a kasuwar Getso duk sun saba da karɓar kuɗi ta OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Daga nan wasu, musamman matasa, suka ajiye littafin bashi mai bangon kwali suka koma manhajar lissafi a waya. Ci gaba ne, babu shakka: manhaja ba ta kuskuren tarawa, kuma tana tuna wa mutum wanda lokacin biyansa ya yi. Sai dai akasarin masu amfani da ita ba za su iya faɗin inda lissafin nasu yake zaune ba.

Wuri biyu ne. Wata manhajar tana ajiye komai a fayil guda cikin wayar kanta. Idan aka ƙwace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko aka kai ta Farm Centre a Kano mai gyara ya wanke ta tas, fayil ɗin ya tafi ke nan. Wata kuma tana ajiyewa a rumbun kamfanin ta intanet, mutum ya shiga da lambar waya ko imel. Wannan ta fi jure satar waya, amma ta ɗora lissafin a kan abu biyu da ba a hannun ɗan kasuwa suke ba: ɗorewar kamfanin da ɗorewar layin.

Kamfanoni kuwa suna rufe manhajoji, har manya. Microsoft ya daina sayar da manhajarsa ta Money a 2009. Intuit na Amurka ya rufe Mint a watan Maris na 2024, bayan mutane sun shafe shekaru suna zuba lissafin gidajensu a ciki. Idan waɗannan sun yi haka, babu dalilin ɗauka cewa ƙaramar manhajar kyauta da aka sauke a Play Store za ta dawwama. Layi ma haka. Wanda aka rufe wa layi a rikicin haɗa shi da lambar NIN ya san yadda ake rasa lambar shiga da ake turowa ta saƙo, kuma layin da ya daɗe a ajiye kan koma hannun wani. Google shi ma, tun Disambar 2023, yana da ikon goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

A wannan yanki asarar ta fi zafi saboda tsawon bashin. Manomi kan karɓi taki da maganin feshi a farkon damina, ya biya da kaka bayan ya sayar da masara ko dawa. Masu noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Guzu-Guzu su ma sukan ɗauki kaya sai an girbe. Wata huɗu ko biyar lissafin yana kwance a waya ɗaya. Idan ya ɓace a Satumba, abin da ya rage shi ne "buhu uku na ba ka" da "biyu na karɓa", tsakanin mutanen da galibi 'yan uwa ne ko surukai. Irin wannan gardama ce ke ƙarewa a gaban mai unguwa ko alƙali, zumunci kuma ya tafi tare da kuɗin.

Akwai kuma batun da ba a son ambata. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma kowa ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Littafin kwali, duk da tsufansa, magada na iya ɗaukowa daga ƙarƙashin teburi su karanta. Waya mai kulle da zanen yatsa ba ta buɗe wa kowa. Marayu na iya rasa abin da mahaifinsu ke bi, shi kuma ya kwanta da haƙƙin mutane a kansa, alhali komai a rubuce yake. Rubutun da mutum ɗaya kaɗai ke iya gani bai cika manufar rubuta bashi ba.

Maganin ba ya cin kuɗi. Kafin mutum ya zuba ko sisi a manhaja, ya duba ko tana barin a fitar da bayanai zuwa fayil na Excel ko CSV, wanda wata manhajar za ta iya karantawa. Wadda ba ta bari, ko wadda sai an biya kafin ta saki lissafin mai shi, a bar ta tun da wuri. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ɗan Najeriya damar neman bayanansa a sigar da zai iya kai su wani wuri, amma neman haƙƙi wurin kamfanin da ya riga ya kulle ƙofa wahala ce kawai.

Duk ranar kasuwa, ko aƙalla ranar Juma'a, a fitar da fayil a sa masa suna da kwanan wata, shekara a gaba: shago-2025-08-15. Wannan ƙaramar dabara ce ke hana a tara fayiloli biyar masu suna iri ɗaya a rasa na ƙarshe, musamman inda yaron shago ke rubutu a tasa wayar, maigida a tasa. Kwafin da ke cikin wayar da ake tsoron ɓatanta ba kwafi ba ne. A tura shi imel ko Google Drive, ko a sa shi a katin memori da ke gida. Kada a jefa shi a zauren WhatsApp, domin sunayen masu bashi da adadin da ake binsu sirrin mutane ne. Kuɗin cefane da na adashe su ma su samu nasu fayil daban, don kada su cakuɗe da jari.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne gwaji. A ɗauki fayil ɗin a buɗe shi a wata wayar, a ga ko sunaye da jimilla sun fito daidai. Sannan a ƙarshen kowane wata a fitar da jerin masu bashi a PDF, a kai shagon buga takardu a cikin garin Gwarzo ko Kabo a buga, manyan basussuka mai karɓa ya sa hannu. Takardar a ajiye ta inda uwargida ko babban ɗa ya sani.