Sakajiki: Kukan Kurciya Jawabi Ne

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gusau ta ratsa Ƙauran Namoda ta nufi Zurmi da Shinkafi, ya san cewa akwai abin da ya fi tsoro yawa a zukatan mutanen wannan yanki, wato fushi. Fushin nan kuwa ya wuce kan ɓarayin daji, domin talaka bai taɓa sa ran tausayi daga ɓarawo ba. Fushi ne da waɗanda aka zaɓa da waɗanda aka ɗinka wa kaki, suka yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa za su kare rayuka da dukiyoyi.

Mu ɗauki Sakajiki, ƙauye a ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka masa, rundunar 'yan sandan jihar kuma da bakinta ta tabbatar da kashe mutum 12. Mai karatu zai tuna cewa tun farkon Satumbar shekarar aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, duk da sunan toshe wa ɓarayi hanya. Sakamakon haka, mutumin ƙauye da ya hangi babura sun nufo shi ba shi da ko hanyar kiran agaji. A 2025 kuma, a ƙauyen Banga na wannan ƙaramar hukuma, an kashe mutane fiye da 30 daga cikin waɗanda aka yi garkuwa da su, bayan danginsu sun biya kuɗin fansa.

Sana'ata nazarin harshe ce, shi ya sa nake sa kunne ga irin Hausar da hukuma take yi wa jama'a bayan kowane hari. "An kai hari." "An tura jami'ai." "Ana bin sawu." "Za a hukunta masu hannu a ciki." A nahawun Hausa, wannan "an" da "ana" da "za a" su ne ake amfani da su in ba a san mai aikatawa ba, ko kuma ba a son faɗinsa. To, mutanen Shinkafi sun san sunan Bello Turji, sun san dajin da yake. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne sunan jami'in da aka sanar da shi hari na tafe ya ƙi motsi, balle hukuncin da aka yi masa.

Ba kuwa rashin sani ke damun hukuma ba. A 2019 kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar, ya jagoranta ya ba da rahoto cewa tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum 6,319 a Zamfara, an bar zawarawa 4,983 da marayu 25,050, ya kuma nuna yatsa ga wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro. Sai a 2022 aka tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da ɓarayi. Ina sauran shawarwarin suka kwana?

Dubi kuma jerin gwamnoninmu. A 2018 Abdul'aziz Yari ya ce ya ajiye muƙamin babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da iko da jami'an. Bello Matawalle ya fara da sulhu a 2019, ya ƙare a 2022 da kira ga jama'a su nemi izinin mallakar bindiga. Dauda Lawal ya kafa Askarawan Zamfara a 2024, sannan a 2025 ya ce ya san inda manyan ɓarayin suke, da a ce jami'an tsaro na ƙarƙashinsa da ya gama da su cikin wata biyu. Akwai gaskiya a wannan kuka, domin sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Amma wannan tsarin mulkin, a sashe na 14, ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Gusau na nuna Abuja, Abuja na nuna Gusau, manomi kuwa sai ya biya ɓarawo haraji kafin ya girbe geron da ya noma.

Adalci ne in faɗa cewa ƙananan 'yan sanda da sojoji da yawa sun rasa rayukansu a waɗannan dazuka. Sai dai talaka na gani da idonsa yadda ayarin ɗan siyasa guda ke tafe da jami'an da suka fi na ofishin gundumarsa yawa. A Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane. Awon wannan umarni shi ne yawan jami'an da suka kwana a Sakajiki da Moriki.

Shawarata uku ce. Majalisar Dokokin Zamfara ta tilasta bayyana yadda ake kashe kuɗin tsaro. Duk harin da aka yi, rundunar 'yan sanda ta faɗi lokacin da labari ya iso mata da lokacin da ta isa wurin. Mu kuma 'yan boko na Arewa, da muka iya rubutu da ƙididdiga, mu riƙa adana sunayen ƙauyuka da ranakun hare-hare, mu ajiye su gaban duk mai neman ƙuri'a.

Hatsarin da nake hangowa shi ne ranar da talaka zai daina kai ƙara gaba ɗaya, ya ɗauka cewa hukumarsa ita ce wadda ke karɓar harajinsa a daji. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanninmu kunnen ji.