Gwajin Ƙwaƙwalwa Ko Jarrabawar Boko?

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin 'yan boko, har da wasu ma'aikatan lafiya: wai gwajin ƙwaƙwalwa tamkar awon hawan jini ne, da an fassara tambayoyin zuwa Hausa, makin da tsoho ya ci shi ne hankalinsa. Wannan kuskure ne, kuma dattawanmu yake cutarwa.

Gwajin da ya fi yaɗuwa, MMSE, Folstein da abokan aikinsa suka fitar da shi a Amurka a 1975, maki 30 ne. Ana tambayar kwanan wata, a sa mutum ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100, ya karanta umarni, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Na Kanada, MoCA, da ya fito a 2005, har agogon bango yake sa a zana, a kuma faɗi sunan karkanda.

To, a kai wa dattijo irin wannan takarda a Kanya Babba ta jihar Jigawa. Ka ce masa, "Baba, yau nawa ga wata?" Ya amsa da lissafin Rajab ko Sha'aban, daidai kuwa, amma mai gwaji ya dubi kalandar Turawa ya dangwala masa sifili. Mutumin da azahar da la'asar ne agogonsa, ina ruwansa da zana agogo mai nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma? Alhali shi ake kira idan rikicin iyakar gona ya tashi, ya san damin geron bara da zakkar da aka fitar. Tsohuwar da ke riƙe da lissafin adashin unguwa a ka, biro kawai za a miƙa mata ta faɗi.

Ko a Amurkar, bincike ya nuna wasu tambayoyin MMSE ba sa aiki iri ɗaya ga tsofaffi masu Turanci da masu Sifaniyanci, kuma shekarun makaranta na ɗaga maki. Illar kashi biyu ce: a laƙaba wa lafiyayye gigin tsufa, 'ya'ya su daina shawara da shi, ɗan boko kuma da cutar ta fara kamawa ya tsallake, ba a gane ba.

Cutar mantuwa gaskiya ce, gwaji kuma dole ne. Hanya ma an riga an share. Aikin haɗin gwiwar Ibadan da Indiyanafolis, wanda ya fara a 1992, ya yi amfani da gwajin CSI-D, mai haɗawa da tambayar ɗan uwan da ke zaune da tsohon. A Ibadan kuma aka samar da gwajin jera tsinken ashana a madadin zane.

Kira nake ga likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa: ku gina gwaji daga rayuwar Bahaushe, ku jarraba shi a ƙauyukan Babura, Roni da Gwiwa. Kai kuma mai karatu, idan aka ce Baba ya faɗi gwaji, ka tambaya me aka tambaye shi.